Baƙin da Jalo Dillali Ya Ba Makulli

Rana ta yi ja, ana shirin kiran magariba, Malam Jalo dillali ya tada tsohon mashin ɗinsa daga bakin Kasuwar Muda Lawal ya ɗauki hanyar Gubi. An yi ruwa da la'asar, titi duk taɓo, ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa haɗe da hayaƙin masu gasa masara. Duk wanda ya san Jalo ya san ba ya zuwa gidan da ba kowa a irin wannan lokaci. Ranar dai ya je, kuma ba don yana so ba.

A da, in kana neman gidan haya ko na saye a Bauchi, dole ka bi ta bencin Jalo. Akwai wani zoben ƙarfe da yake ratayawa a ƙugu, cike da makullan gidajen mutane, tun daga nesa kake jin ƙararsa kafin ka ga mutumin. Ya san gidan da rufinsa ke yoyo, ya san wanda rijiyarsa ke ƙafewa da rani, ya san wanda maƙwabcinsa masifaffe ne. Sai aka zo da shafukan tallan gidaje na intanet. Mai gida ya ɗauki hoto ya ɗora, mai nema ya miƙe a katifarsa yana jan allon waya da ɗan yatsa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Su gama ciniki ko hannu ba su haɗa ba. La'adar dillali kuwa, wa ma ya tuna da ita? Masu gidaje suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna karɓe makullansu, kowa da ɗan murmushinsa na kunya. Wasu ko zuwan ba su yi ba, kwaɗo kawai suka canza. Zobe ya rame har ya daina ƙara. Abin da ya rage a jikinsa makullin wani gida ne a Gubi, sai na gidansa.

Gidan nasa yana Ƙofar Dumi, ginin ƙasa ne da mahaifinsa ya yi da hannunsa, mai zaure da rijiya da tsohuwar bishiyar lemo a tsakar gida. A ɗakin da ke kusa da rijiyar aka haifi Jalo. Mutumin da ya sa wa rabin gidajen garin nan farashi bai taɓa yarda a ambaci farashin wannan ba, duk da masu son rushe shi su yi shaguna ba su gaji da zuwa ba. Yakan ce wa matarsa Hamsatu, duk abin da intanet za ta ƙwace masa ta ƙwace, amma a tsakar gidan nan za a yi masa wankan ƙarshe.

Ranar, bayan la'asar ne wayar Jalo ta yi ƙara. Mansir ne, ɗan marigayin da ya gina gidan Gubi, wanda yake aiki a Abuja.

"Baba Jalo, albishirinka, gida ya shiga. Na sa shi a shafi, wata ma'aikaciyar jinya Paulina ta gani ta kama. Gobe da safe za ta zo da kayanta, sai ka miƙa mata makulli."

"Gobe?" in ji Jalo. "Mansir, gidan nan ya daɗe a rufe. Ba a yi wa mutanen ciki magana ba."

"Waɗanne mutane kuma, Baba?"

Kafin Jalo ya amsa, Mansir ya yi 'yar dariya ta ladabi, irin wadda ta fi zagi ciwo, ya ce zai turo masa na goro, ya kashe waya. Na goro! Shekara da shekaru yana share gidan, yana korar awaki, yana toshe yoyo, ga ladan da ya samu. Takaici ya cika shi har idanunsa suka kaɗa.

Maganar mutanen ciki kuwa, ba ƙirƙirar Jalo ba ce. Haka ya koya wajen maigidansa a sana'a, marigayi Baffa Ɗanlarai. Gidan da ya daɗe ba kowa, ba a cewa ba kowa. Akwai bayin Allah da ido ba ya gani, waɗanda ke zama inda ɗan Adam ya bari. Kafin a sa 'yan haya, dillali yakan je da hantsi ya yi sallama a bakin ƙofa, ya faɗa musu mutane na tafe, ya ba su wa'adi har Juma'a ta zagayo. Abu mafi girma, dole ya ambata musu wani kangon da za su koma, da unguwarsa da kwatancensa. Ba a tashin mai zama a bar shi a titi, ko mutum ne ko ba mutum ba. Jalo ya yi haka a gidaje ba iyaka, bai taɓa jin an amsa masa ba, bai kuma taɓa jin ɗan hayarsa ya yi kukan gida ba.

Yanzu ga shi ba hantsi, ba wa'adi. Da zai iya da ya miƙa makulli ya kama gabansa, tun da ba shi ya yi cinikin ba. Amma mace ce za ta shiga, wataƙila da 'ya'ya, kuma daga hannunsa makullin zai fita. Shi ya sa ya hau mashin.

A hanya yake ta lalube a ransa, ina zai tura su? Kangon bayan tasha an yi masa fenti an ɗora a shafi. Na hanyar Ningi, samari masu waya kullum suna ciki suna ɗaukar hoto. Duk inda ya tuna, akwai lambar waya rubuce ɓaro-ɓaro a jikin katanga. Har ya wuce gidajen ɗalibai ya saki kwalta bai samo ko ɗaya ba.

Gidan yana can ƙarshen layi, bayansa gonakin masara ne har zuwa wajen dam. Ya kashe mashin. Can nesa wani ladani ya fara kira, iska na kawo muryar tana ɗaukewa. Gyare na ta kuka a ciyawa.

Ya buɗe kwaɗon get. Ƙarfen ya yi sanyi kamar an tsamo shi daga randa.

"Assalamu alaikum, masu gida."

Gyare suka yi tsit gaba ɗaya.

"Wa alaikumus salam, dillali. Shigo."

Muryar mace ce, tsohuwa, ƙasa-ƙasa, daga cikin falo. Tun da Jalo yake sallama a kangaye ba a taɓa amsa masa ba. Ya so ya juya, ƙafafunsa suka ƙi, sai ma suka kai shi ciki.

Tsakar gidan da ya bari cike da ciyawa an share shi tas, ga shatin tsintsiya a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ƙamshin miyar kuka da daddawa ya daki hancinsa, alhali madafin ko murhu babu. Daga bayan gida ana daka. Dum. Dum. Dum. Wani jariri ya yi tari.

Ƙofar falo a buɗe take. Ciki duhu, duhun da ya fi na magariba kauri. A bakin ƙofar ya tsaya, don bai ga wurin sa ƙafa ba. Ko'ina ƙunshin kaya ne ɗaure da tsummoki, da ƙwarya a kife, da tabarmi a naɗe. Yana ganinsu da gefen ido, in ya dube su sosai sai ya ga siminti kawai.

"Mun ɗaure kaya," in ji muryar. "Kai muke jira."

"Kun... kun ji labari ke nan."

"Yaya ba za mu ji ba? Wasu yara suka haura katanga, ba sallama. Suka riƙa ƙyafta mana wuta a ido. Ɗakin da jikata ke jego, sun ɗauka sun nuna wa duniya. Har banɗaki, dillali. Har banɗaki."

Ba faɗa take yi ba. A hankali take magana, kamar mai kai ƙara wajen babba, kuma wannan ya fi ba shi tsoro.

"Ba ni na turo su ba," ya ce da raɗa.

"Mun sani. Kai mai sallama ne. Ai kai ka kawo mu nan, ka manta? Daga gidan mai dabino na Wunti, da za ka sa wani malamin makaranta. Ka ce mana akwai gida a Gubi, ƙarshen layi, kusa da ruwa. Mun ji daɗinsa, Allah ya saka."

Jalo ya tuna. Ya tuna ranar, ya tuna yadda ya tsaya yana magana da bango yana jin kansa kamar wawa. Ashe ana saurare. Ashe duk garin Bauchi waɗannan ne kaɗai ba su taɓa neman gida a bayan idonsa ba.

"To yanzu ina za mu?"

Daka ta tsaya.

Jalo ya ce, "Akwai... akwai kango bayan tasha."

"Yana cikin waya."

"Na hanyar Ningi fa?"

"Kullum da baƙi, ba dare ba rana. Waɗanda ke ciki ma sun tashi, suna nan tare da mu." Wani abu ya motsa a duhun, sai wani, sai wani. "Da na Yelwa. Da na Fadamar Mada. Duk wanda ka taɓa zaunarwa an tashe shi, ba wanda ya gaya masa inda zai nufa. Nan muka tattaru, don nan ne kaɗai makulli ke hannunka."

Numfashi ya cika falon. Ba na mutum ɗaya ba, ba na goma ba. Ɗumi ya riƙa bugo masa fuska, da warin tsohuwar tabarma, da na toka.

"Ba ni da gida," ya ce. "Wallahi ba ni da ko ɗaya. Sun ƙwace duka."

"Dillali ba ya rasa gida."

"Na rasa!"

Bayansa get ya yi ƙara, ya fara rufuwa a hankali, ba iska.

Ya kama Ayatul Kursiyyu. Muryoyi daga cikin duhun suka kama tare da shi, manya da yara, suka raka shi har ƙarshe, har wani tsoho ya gyara masa inda ya yi tuntuɓe.

"Mu ma ita muke karantawa," in ji tsohuwar. "Ba cutar da kai muka zo yi ba. Wurin kwana muke nema."

Sai ya ji an taɓa ƙugunsa.

Ɗan ƙaramin hannu ne, mai sanyi. Yana wasa da zoben.

Makullan suka yi ƙara, ƙil, ƙil.

"Ga makulli nan a jikinka," aka ce, dab da kunnensa.

Wani hannun ya kama bakin rigarsa. Wani ya dafa kafaɗarsa. Duhu ya fito daga falo ya rufe masa ƙafa har gwiwa.

Get saura kaɗan ya haɗe.

Abin da dillali ya saba yi in mai gida ya tasa shi gaba, shi Jalo ya yi. Ya fizge zoben daga ƙugu ya jefa cikin duhun.

"Ga shi! Ku riƙe! Ku sake ni!"

Bai ji faɗuwarsa ba. An cafe.

Hannuwan suka sake shi lokaci guda. Ya kwasa da gudu, ya kutsa ta 'yar tazarar da ta rage, ƙarfe ya yage masa riga ya karce masa haƙarƙari. Takalmi ɗaya ya tsaya a taɓo, bai waiwaya ba. Mashin ya ƙi tashi, ya tura shi da gudu har kan kwalta.

Daga bayansa, tsohuwar ta ɗaga murya karo na farko.

"Mun gode, dillali. Allah ya bar zumunci."

Sai da ya ga fitilun masu shayi da keke na wucewa hankalinsa ya fara dawowa. Ya tsaya a wani masallacin bakin hanya ya yi magariba a makare. A ransa yana cewa shi ke nan, ya ba su makullin gidan Gubi, gobe Mansir ya san yadda zai yi da baƙuwarsa. Har wani ɗan daɗi ya ji na mugunta. Bai kawo komai a ransa ba har ya shiga lungunan Ƙofar Dumi, ya wuce maƙera sun rufe, almajiran karatun dare ba su ko kunna wuta ba tukuna. Ya jingine mashin a bakin zaure, ya kai hannu ƙugu yadda ya saba.

Nan ya tsaya cak.

Makullan da ke zoben ba ɗaya ba ne.

Ƙofar zaure a buɗe take. Hamsatu ta fito da fitila a hannu, fuskarta a sake, da alamar wadda ta sha aiki.

"Malam, sai ka aiko baƙi ba ka gaya mini ba? Na je barka nan maƙwabta na kulle gida, ina dawowa na tarar da su a zaure da kayansu."

"Waɗanne baƙi?" in ji Jalo.

"Tsohuwar nan mana, da mai jego, da yara. Ban ma iya ganin fuskokinsu sosai ba, wutar nan an ɗauke. Na so in yi musu tambaya, sai ta nuna mini zobenka, ta ce da hannunka ka ba su. Mutanen kirki, wallahi, sai da suka yi sallama suka jira na ce su shigo." Ta ɗaga fitila ta dube shi. "Ina takalminka? Me ya sami rigarka?"

"Wane ɗaki kika ba su?"

"Na kusa da rijiya. Shi ta nuna."

Daga cikin gidan, bayan bishiyar lemo, aka fara daka.

Washegari Paulina ta iso Gubi da motar kaya, ta tarar da makulli maƙale a kwaɗo, gida a share, ko yanar gizo-gizo babu. Har yau tana ciki da 'ya'yanta lafiya lau. Ta taɓa haɗuwa da Jalo a kasuwa ta ce, "Baba, gidan nan akwai albarka, barci muke kamar me." Ta ƙara da cewa duk mai neman gida takan ce masa ya duba shafin nan, ba ruwansa da wahalar dillalai, sannan ta tuna da wa take magana ta ba shi haƙuri. Mansir kuwa ya turo na goron, bai sake kira ba.

A Ƙofar Dumi ba wanda ya sake ganin baƙin da ido, amma gida ya cika. Randa ba ta kwana da ruwa. In Hamsatu ta shimfiɗa tabarma sai ta ji babu wurin zama. Tun tana tsorata har ta fara amsa gaisuwar da Jalo ba ya ji, ta fara zuba tuwo a kwanuka tana jerawa a ƙofar ɗakin rijiya, tana ramewa. Jalo ya kawo malamai, suka yi karatu suka yi hayaƙi. Babban cikinsu ya fito ya zauna a zaure ya dubi Jalo.

"Malam Jalo, da haurowa suka yi da mun fitar da su. Sun ce mai gida ne ya miƙa musu makulli, matar gida ta ce su shigo. Gaskiya ne?"

Jalo ya sunkuyar da kai.

"Sun ce ba su ƙi tashi ba. Ka ambata musu inda za su koma, yau-yau su ɗaure kaya."

Ranar da Hamsatu ta kira shi da baƙo, ta tambaye shi wa yake nema, ranar ya fitar da ita daga gidan. Ɗakin hayar da suka koma a bayan kasuwa, wani mai shagon caji ne ya nemo musu a waya, Jalo na tsaye a kansa yana kallon hotuna na wucewa. Hamsatu ta warware a hankali, amma ba ta yarda a bi da ita ta lungun.

Masu son yin shaguna sun daina zuwa tayi. Zoben kuwa ya tsince shi rataye a ƙofar zaure, ba makulli ko ɗaya a jiki, ya mayar da shi ƙugu don hannunsa ya saba.

Yanzu in ka ga wani tsoho a kan mashin da hantsi yana bin bayan gari, yana leƙa katangu, Jalo ne. Kango yake nema wanda ba a ɗora a shafi ba, guda ɗaya tak. Duk wanda ya hango, kafin ya ƙarasa sai ya ga lambar waya a jikin bango, fenti ko bushewa bai yi ba.

Da yamma yakan biya ta Ƙofar Dumi, ya tsaya a bakin zauren da mahaifinsa ya gina, ya yi sallama. Ana amsa masa da mutunci, a tambaye shi iyali.

"An samu, dillali?"

"Ba a samu ba tukuna."

"To Allah ya sa a dace. A gaida Hamsatu."

Sai ya ji an tura ƙofar a hankali daga ciki, an sa sakata.